Asalin Ƙa'idojin Sadarwa Tsakanin Sassan Manhaja: Waiwaye Daga 1966 Zuwa 1994

GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce mu bi sawun wata tambaya da ɗalibai kan yi wa malamin kimiyyar kwamfuta, wadda akan amsa a gurguje alhali kuwa tarihi mai tsawo ne a bayanta. Tambayar ita ce: in sassa biyu na manhaja suna aiki tare a cikin kwamfuta ɗaya ba tare da wata wahala ba, me ya sa da zarar an raba su, an sa ɗaya a wannan na'ura ɗaya a waccan, sai a ce lalle sai an kafa musu ƙa'idar sadarwa? Ashe wayar da ta haɗa su ba ta isa ba? Abin da muke nufi da ƙa'idar sadarwa shi ne rubutacciyar yarjejeniya wadda ta fayyace siffar saƙo, da ma'anar kowane yanki nasa, da wanda zai fara magana, da kuma abin da za a yi in amsa ba ta zo ba. Za mu tunkari tambayar ta fuskar tarihi, domin kusan kowane sharaɗi da ke cikin waɗannan ƙa'idoji maganin wata matsala ne da aka ci karo da ita a shekara sananniya, a hannun mutane sanannu, galibinsu a Amurka da Ingila da Faransa.

Ya kamata tun farko mu lura cewa ko a cikin kwamfuta ɗaya ma akwai yarjejeniya, sai dai ɓoyayya ce. Idan wani sashe na manhaja ya kira ɗan'uwansa ya ba shi aiki, ma'ajiya ɗaya suke amfani da ita, saboda haka ya isa ya nuna masa lambar gurbin da bayanin yake. Salon rubuta lambobi da haruffa ɗaya ne gare su, tun da na'ura ɗaya ce. Kiran ba ya ɓacewa a hanya, ba ya isa sau biyu. In kuma wuta ta ɗauke, tare suke mutuwa, babu wanda zai saura yana jiran amsa. Waɗannan abubuwa huɗu a kyauta mai tsara manhaja yake samun su, har yakan manta da cewa suna nan. Ranar da aka raba sassan, duk huɗun sai su kuɓuce masa.

NA'URORI HUƊU NA 1969

A shekarar 1966 Robert Taylor shi ne shugaban ofishin da ke kula da binciken kwamfuta a hukumar ARPA ta Ma'aikatar Tsaron Amurka. A ofishinsa akwai na'urorin bugawa guda uku, kowace a haɗe da wata kwamfuta dabam: ɗaya a Santa Monica, ɗaya a Berkeley, ɗaya a MIT. Kowace da nata salon shiga da nata kalmomin umarni, ta yadda in yana so ya bar wannan ya koma waccan, sai ya sauya kujera ya kuma sauya harshe. Daga wannan damuwa aka ɗauko shawarar gina hanyar sadarwa ɗaya, wadda aka sa wa suna ARPANET. Dabarar da aka ɗora ta a kai ita ce a yanyanka saƙo zuwa ƙananan ƙunshi, kowane da adireshinsa, a riƙa miƙa su daga zango zuwa zango. Paul Baran ya bayyana wannan dabara a Amurka a 1964, Donald Davies kuma ya gano ta a nasa ɓangare a Ingila a 1965.

A 1967 Wesley Clark ya kawo shawarar da ta raba aikin gida biyu. Ya ce kada a ɗora wa manyan kwamfutoci nauyin safarar ƙunshi. A ajiye wa kowace jami'a wata ƙaramar na'ura 'yar aike, dukansu iri ɗaya, su riƙa magana da juna. Kamfanin BBN ne ya sami kwangilar gina su, a kan na'urar Honeywell DDP-516, da layukan waya masu ɗaukar bit 50,000 a daƙiƙa ɗaya. Bit kuwa shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, watau ko sifili ko ɗaya. Sadarwa tsakanin 'yan aiken ta zo da sauƙi gwargwado, domin kamfani ɗaya ne ya rubuta manhajarsu. Amma abin da manyan kwamfutocin za su ce wa juna bayan an kai musu ƙunshin, wannan ba ya cikin kwangila. Aka bar shi a hannun wasu matasa, yawancinsu ɗaliban digiri na gaba.

Mu dubi abin da suka tarar. Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles tana da SDS Sigma 7. Cibiyar Bincike ta Stanford tana da SDS 940. Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara tana da IBM 360/75, Jami'ar Utah kuma PDP-10. Awon da kowace take auna bayani da shi dabam ne: SDS 940 tana ɗibar bit 24 a lokaci guda, Sigma 7 da IBM suna ɗibar 32, PDP-10 kuwa 36. Kowace da nata tsarin gudanarwa. Waya tana iya kai musu jerin sifili da ɗaya ba tare da kuskure ba, amma wayar ba ta san inda lamba ɗaya ta ƙare wata ta fara ba, balle ta san ko jerin umarni ne ko rubutu ne. A daren 29 ga Oktoba 1969 Charley Kline, ɗalibi a ɗakin binciken Leonard Kleinrock a Los Angeles, ya yi ƙoƙarin shiga kwamfutar Stanford. Harafin L ya isa, O ya isa, sa'an nan kwamfutar can ta tsaya cik, sai da aka gyara aka sake gwadawa.

Tun kafin wannan dare matasan sun fara rubuta shawarwarinsu. Steve Crocker ya fitar da takarda ta farko ran 7 ga Afrilu 1969, ya kira jerin takardun da sunan neman ra'ayi, abin da aka fi sani da RFC, domin yana gudun kada manya su ga kamar ɗalibai suna kafa doka. Daga cikin waɗannan takardu ƙa'idar NCP ta fito, aka kammala ta a Disamba 1970. Ita ce ta tsara yadda wani shiri a wannan kwamfuta zai nemi buɗe ƙofa ga wani shiri a waccan, da yadda mai karɓa zai gaya wa mai aikawa iyakar abin da zai iya ɗauka kada a cika masa ma'ajiya, da yadda za a rufe ƙofar in an gama. Kalmar da suka yi amfani da ita, furotokol, aro ce daga harkar jakadanci, inda take nufin ladubban ganawa tsakanin wakilan ƙasashe. Asalinta kuma daga Girkanci ne, sunan takardar farko da akan manna a goshin naɗaɗɗen littafi. A ganinmu aron ya dace, domin jakadu biyu ba sarki ɗaya suke bi ba, kuma babu mai ikon tilasta wa ɗayan.

RIKICIN HARUFFA DA LAMBOBI

A nan ne za mu ɗan dakata, domin nan ne amsar tambayarmu ta fi fitowa fili. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani, kuma mutane ne suke yanke cewa lamba kaza ita ce harafi kaza. A jadawalin ASCII, wanda aka fara fitarwa a 1963, babban harafin A lamba 65 ne. A jadawalin EBCDIC na kamfanin IBM kuwa, A ɗin nan lamba 193 ne. Saboda haka in PDP-10 ta aika wa IBM da kalma, ta isa lafiya ba a taɓa bit ko ɗaya ba, abin da IBM za ta karanta shirme ne. Babu laifin waya, babu laifin ko ɗaya daga cikin na'urorin. Abin da ya rasa shi ne yarjejeniya.

Mafita biyu ce a gabansu. Ko kowace kwamfuta ta koyi salon kowace, ko kuma a zaɓi salo ɗaya na kan hanya, kowa ya fassara nasa zuwa gare shi. Lissafi ne ya yanke hukunci. Da na'urori huɗu, hanya ta farko tana bukatar fassara 12; da na'urori 20 tana bukatar 380, kuma duk sabuwar na'urar da ta shigo sai an taɓa manhajar kowa. Hanya ta biyu kuwa kowace na'ura salo ɗaya kawai za ta koya. A Oktoba 1969 Vinton Cerf ya rubuta RFC ta 20 yana ba da shawarar a ɗauki ASCII a matsayin haruffan kan hanya. Ƙa'idar Telnet, ta shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara gaba: ta ƙirƙiro wata na'urar bugawa ta zato, wadda babu kamfanin da ya taɓa ƙera ta, kowane ɓangare ya riƙa yin kamar da ita yake magana. Ƙa'idar aika fayil, wadda Abhay Bhushan ya fara rubutawa a 1971, ita ma wannan turba ta bi.

Lambobi ma ba su tsira ba. Ana tara bit takwas a kira su bayit, kuma lamba mai girma takan ci bayit biyu ko huɗu. To, wanne za a fara aikawa, babban ko ƙaramin? IBM 360 tana fara ajiye babban, PDP-11 tana fara ajiye ƙaramin. In aka aika lamba 1 cikin bayit biyu daga wannan zuwa waccan ba tare da an daidaita ba, 256 za a karanta. Danny Cohen ya rubuta takarda kan wannan gardama ran 1 ga Afrilu 1980, yana kwatanta ta da yaƙin da Jonathan Swift ya ba da labarinsa cikin tafiye-tafiyen Gulliver, tsakanin masu fasa ƙwai ta babban kai da masu fasa shi ta ƙaramin. Abin da ya nuna shi ne babu tsarin da ya fi ɗayan inganci, amma dole a zaɓi guda. Ƙa'idojin intanet suka zaɓi babban ya riga.

Wannan rikici ya taɓa mu kai tsaye, mu masu rubuta Hausa. ASCII gurabe 128 ne kawai gare shi, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Sai a jadawalin Unicode, wanda ya fito a 1991, suka sami gurbi tabbatacce, kuma tsarin UTF-8 da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 ya ba da hanyar aika su. A wannan tsari ƙaramar ƙ bayit biyu ce, 198 da 153. In mai aikawa bai faɗi jadawalin da ya yi amfani da shi ba, mai karɓa kuma ya ɗauka tsohon jadawalin Windows na Yammacin Turai ne, sai ya nuna Æ™ a madadinta. Duk malamin da ya taɓa buɗe takardar ɗalibi ya tarar da haruffa masu ƙugiya sun rikiɗe ya ga matsalar 1969 da idonsa.

HANYA MAI ƁATAR DA KAYA

NCP tana da rauni guda: ta dogara ga 'yan aiken BBN cewa za su kai kowane ƙunshi, bi da bi, ba tare da ɓata ba. Muddin hanya ɗaya ce, mai gida ɗaya, wannan dogaro ya yi aiki. Amma Robert Kahn, wanda ya koma ARPA a 1972, yana so ya haɗa ARPANET da hanyar rediyo da ta tauraron ɗan Adam. Rediyo yana zubar da ƙunshi duk lokacin da mota ta shiga bayan tudu. Tauraron da ke nisan kilomita kusan 36,000 yana jinkirta saƙo da kusan rubu'in daƙiƙa a hawa da sauka. Girman ƙunshin kowace hanya ma dabam ne. A Faransa, Louis Pouzin ya riga ya gina CYCLADES a kan wani tunani: kada hanya ta yi alkawarin kome, ta yi iyakar ƙoƙarinta kawai, kwamfutocin da ke bakin hanya su ɗauki nauyin gyara. Cerf da Kahn suka ɗauki wannan tunani a takardarsu ta Mayu 1974, wadda ita ce tushen TCP.

Duk wanda ya karanta sharuɗɗan TCP zai ga kowanne amsar wata ɓarna ce ta hanya. Ƙunshi suna iya isa a hargitse, saboda haka aka ba bayanin lambobin jere. Suna iya lalacewa, aka haɗa musu jimlar tantancewa. Suna iya ɓacewa, aka ce mai karɓa ya mai da shaidar karɓa, in ba ta zo ba cikin wa'adi a sake aikawa. To, sake aikawa kuma ya haifi tasa matsalar, domin wani lokaci ƙunshin farko bai ɓace ba, makara ya yi, sai ya iso bayan an rufe zancen an buɗe sabo, a ɗauke shi a matsayin sabon saƙo. Maganin da aka yi wa wannan, wanda Ray Tomlinson yana cikin waɗanda suka kawo shi, shi ne musafaha mai mataki uku: mai kira ya yi sallama ya faɗi lambar da zai fara da ita, wanda aka kira ya amsa ya faɗi tasa, mai kira ya tabbatar ya ji. Sai bayan haka zance zai fara.

Akwai kuma iyakar da babu ƙa'idar da za ta tsallake, wadda aka tabbatar a 1975, Jim Gray kuma ya yaɗa ta a 1978 da misalin sarakunan yaƙi biyu. Suna kan duwatsu biyu, abokan gaba a kwarin da ke tsakaninsu, kuma ba za su ci nasara ba sai sun kai hari lokaci ɗaya. Na farko ya aika manzo, amma bai san ko ya isa ba sai amsa ta dawo. Na biyu ya aika amsa, shi ma bai san ko ta isa ba sai an amsa masa. Kome yawan manzanni, wanda ya aika na ƙarshe yana cikin shakka. Ma'anar wannan ga manhaja ita ce shiru ba ya bayyana kansa: wanda bai sami amsa ba bai san ko saƙonsa ne ya ɓace, ko amsar ce, ko kuwa abokin zancen ne ya mutu.

Sauran labarin sananne ne, ba sai mun daɗe a kansa ba. A Nuwamba 1977 aka gwada haɗa hanyoyi uku, daga wata mota a Kalifoniya, ta ARPANET, ta tauraro a ƙetaren Tekun Atalantika, aka dawo. A 1978 aka raba ƙa'idar gida biyu, IP ta ɗauki adireshi da safara, TCP ta ɗauki tabbatarwa. Jon Postel ya fitar da rubutunsu na dindindin a Satumba 1981, ran 1 ga Janairu 1983 kuma ARPANET ta bar NCP. A wannan zamani IBM tana da nata tsarin, SNA, DEC tana da DECnet, hukumar daidaita ma'auni ta duniya kuma ta fitar da tsarin OSI mai hawa bakwai a 1984, amma TCP/IP ce ta yi rinjaye. Ko ita ma ba ta gama koyo ba. A Oktoba 1986 gudun bayani tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da jami'ar da ke maƙwabtaka da shi ya faɗi daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa 40, domin kowace na'ura tana ta sake aikawa cikin cunkoso tana ƙara shi. Van Jacobson ya ƙara sharaɗin cewa wanda ya ga alamar ɓata ya rage gudu, ya wallafa aikin a 1988.

YUNƘURIN ƁOYE HANYA

Masu tsara manhaja ba su so wannan ɗawainiya ba, kuma ba mu ga laifinsu ba. Burinsu shi ne su kira sashen da ke nesa kamar yadda suke kiran na gida. James White ya kawo wannan shawara a RFC ta 707 a tsakiyar shekarun 1970, Bruce Nelson ya yi digirinsa na uku a kanta a 1981, sa'an nan shi da Andrew Birrell suka bayyana yadda suka gina ta a cibiyar Xerox PARC a 1984. Dabarar kira daga nesa ita ce a ajiye wani ɗan wakili a kowane gefe. Mai kira ya miƙa wa wakilinsa aiki kamar yadda ya saba, wakilin ya naɗe bayanin cikin saƙo ya aika, wakilin can ya kwance ya miƙa. Ƙa'idar tana nan daram, an dai sa mata labule. Kamfanin Sun, da ya gina nasa tsarin a kan wannan dabara, sai da ya rubuta ƙa'ida ta musamman, XDR, don fayyace yadda za a jera kowace irin lamba da rubutu a kan hanya.

Misalin da ya fi koyarwa shi ne na CORBA, tsarin da ƙungiyar kamfanoni ta OMG ta fitar a 1991 don sassan manhaja su kira juna ko da wane harshe aka rubuta su. Fitowar farko ta fayyace yadda sashe zai bayyana ayyukan da yake yi, amma ta bar wa kowane kamfani ya zaɓi yadda saƙon zai kasance a kan waya. Sakamakon haka, sassa biyu da duk suka bi tsarin sau da ƙafa ba sa jin juna in dillalan saƙonsu ba na kamfani ɗaya ba ne. Sai a fitowa ta biyu, a tsakiyar shekarun 1990, aka ƙara ƙa'idar IIOP a kan TCP/IP, sa'an nan suka fahimci juna. Watau shekara ashirin da 'yan kai bayan RFC ta 20, manyan kamfanoni suka sake taka ramin da ɗaliban 1969 suka riga suka gani.

A 1994 Jim Waldo da abokan aikinsa uku a Sun suka rubuta wata gajeriyar takarda suna cewa labulen ba zai taɓa rufe kome da kome ba. Suka lissafa jinkiri, da rashin ma'ajiya ɗaya, da ayyuka masu gudana lokaci guda, da mutuwar wani ɓangare alhali ɗayan yana raye. Jinkiri dai ba shi da magani: haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, saboda haka zuwa da dawowa a nisan kilomita 6,000 ba ya kasa kashi 60 cikin 1,000 na daƙiƙa, lokacin da ya ishi kwamfuta ta yi kiran gida sau miliyoyi. Amma na ƙarshen ya fi tsanani, kuma shi ne matsalar sarakunan yaƙin nan ta dawo cikin rigar kasuwanci. A ce wani sashe ya umurci wani da ya cire naira 5,000 daga asusu, wa'adi ya cika amsa ba ta zo ba. In ya sake aikawa, mai yiwuwa a cire sau biyu. In ya haƙura, mai yiwuwa ba a cire ba sam. TCP ba za ta fisshe shi ba, domin ita bayit ta sani, ba ta san kuɗi ba. Wannan ne abin da Saltzer da Reed da Clark suka nuna tun 1981, cewa tabbaci na ƙarshe sai daga sassan da ke bakin hanya biyu. Dole sassan su yi tasu yarjejeniya a saman ta TCP, alal misali kowane umarni ya zo da lambar shaida tasa shi kaɗai, mai karɓa ya riƙa ajiye lambobin da ya riga ya aiwatar, in ya ga wata ta maimaitu ya mai da amsar farko ba tare da ya sake taɓa asusun ba.